Maigidana ya ba tarihin garinmu ransa, mu kuma ɗaki na yoyo

Wannan saƙon wata baiwar Allah ce ta turo min, na ɗan taƙaita shi kuma na cire sunaye kamar yadda ta roƙa.

"Assalamu alaikum Anti. Shekarata 21 da aure, yaranmu shida. Maigidana malami ne a ƙaramar sakandaren garinmu, nan ƙasar Katsina. Wallahi ba ya shaye-shaye, ba ya neman mata, bai taɓa ɗaga min hannu ba. Matsalata da shi ɗaya ce, tarihi. Tun kafin ya aure ni yake bin tsofaffi yana rubuta labarin garinmu, wa ya sari garin, daga ina aka zo, ta ina ganuwa ta bi, su wa suka yi dagaci. Asabar da Lahadi ba ma ganinsa, zai hau mashin ya shiga ƙauyuka, fetur daga albashi, goron tsofaffi daga albashi, fotokofi daga albashi. Littattafan rubutunsa sun fi 60, ga kaset cike da kwali. Kuma shi ne sakataren ƙungiyar ci gaban gari, shi ne na kwamitin maƙabarta, shi ne mai rubuta wa kowa takarda kyauta. Ɗakinmu shekara biyu yana yoyo, babbar 'yarmu an sa ranarta bayan babbar sallah ko cokali ban aje ba. Bara wani ɗalibin jami'a ya ari littattafansa uku ya yi aikinsa ya samu digiri, ko sunan Malam bai sa ba, ɗaya ma har yau bai dawo da shi ba. Yanzu kuma wani gida sun daina gaisawa da mu wai ya rubuta asalin kakansu. Yayyena sun ce in yi yaji, wata ƙawata ta ce in cinna wa takardun wuta kowa ya huta. Ina son mijina amma na gaji. Ya zan yi?"

Wa alaikumus salam ƙanwata, Allah ya ba ki ladan haƙuri. Bari in fara da maganar ƙawar nan taki don ita ta fi tayar min da hankali. Dan girman Allah kar ki kusanci takardun nan da ashana, kuma ko cikin faɗa kar ki bari maganar ta fito daga bakinki har ta kai kunnensa. Abin da ke cikin kwalin nan shekara ashirin da wani abu ne na rayuwar mutum, da muryoyin tsofaffin da yawancinsu yanzu suna ƙarƙashin ƙasa babu inda za a sake samo su, in suka tafi ta hannunki ko bai sake ki ba zaman da za ku yi bayan nan sai dai a kira shi zaman haƙuri.

Zan ba ki wani labari da ban cika bayarwa ba. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, malamin firamare ne tun zamanin En'e, shi ma yana da irin wannan son duk da bai kai na maigidanki ba. Yana da wata adaka ta katako a ƙuryar ɗakinsa jingine da bango, ba mai taɓa ta. Bayan rasuwarsa da aka zo rabon kaya muka buɗe, daga sama littattafan lafiya lau kamar jiya aka jera su, shuɗin bango, ga sunansa da alƙalamin tawada a jikin kowanne. Na ɗaga na farko sai cikin ya zube min a cinya kamar garin tuwo. Ashe gara ta shigo ta ƙasa ta cinye komai ta bar bango, ta cike wurin da jar ƙasa. Abin da muka tsira da shi rabin shafi ne, sunayen rijiyoyin garinmu biyar da mutanen da suka haƙa su, ta shida gara ta cinye rabin sunan mai ita. Har yau rabin shafin nan yana wurina, kuma na tambayi duk tsohon da na sani babu wanda ya iya cike min sunan. Mu gara ce ta yi mana, kuma ga shi ina rubuta miki idona na kawo ruwa, to ina ga a ce matarsa ce ta yi da hannunta.

Amma fa kar ki ji haka ki ce Anti ta bi bayan Malam. Kina da gaskiya, gaskiya ba 'yar kaɗan ba. Macen da take shimfiɗa roba da kwanuka a tsakar ɗaki duk damina don tarar ruwa, ta tashi yara cikin dare a ja katifa gefe, ga biki ya matso ba a aje komai ba, in ta ce ta gaji babu mai ce mata ta cika ƙorafi. Akwai hadisi a Bukhari da nake so ki riƙe. Salmanul Farisi ya kai wa Abu Darda'i ziyara, Manzon Allah SAW ne ya ƙulla 'yan'uwantaka tsakaninsu, sai ya tarar da Ummu Darda'i a hargitse ba gyara ba komai, ya tambaye ta me ya faru, ta ce ɗan'uwanka ba shi da buƙatar duniya. Azumi da rana, sallah da dare. Salmanu ya ƙi cin abinci sai da Abu Darda'i ya ci tare da shi, da dare ya yi ta hana shi tashi sai can ƙarshen dare suka yi sallah tare, sannan ya ce masa Ubangijinka yana da haƙƙi a kanka, kanka yana da haƙƙi a kanka, iyalinka suna da haƙƙi a kanka, ka ba kowa haƙƙinsa. Da maganar ta je wa Manzon Allah SAW ya ce Salmanu ya yi gaskiya. To in sallar dare da azumin nafila ba su zama uzurin barin iyali ba, ina ga neman inda ganuwa ta bi. Kuma a Muslim an lissafa dinari huɗu, wanda aka kashe fi sabilillahi, da na 'yanta bawa, da na sadaka ga miskini, da wanda mutum ya kashe wa iyalinsa, aka ce na iyalin ya fi lada. Malam ya san waɗannan, wataƙila ma ya fi ni sani, sai dai mutumin kirki yana iya mantawa da na cikin gida saboda ya tabbata su ba za su gudu ba. Ga kuma zamani ya canja masa bai lura ba, yawon da yake yi da fetur mai araha kafin cire tallafi a 2023 yanzu kuɗinsa ya ninka ya sake ninkawa, albashin malami kuwa kin fi ni sanin inda yake tsayawa.

Ina so kuma ki san darajar abin da mijinki yake yi, don in ba ki san ta ba maganarku ba za ta taɓa haɗuwa ba. A ƙasar nan an taɓa cire darasin tarihi daga firamare da ƙaramar sakandare wajen 2009, aka cusa ɗan abin da ya rage cikin soshiyal, sai da aka kwashe shekara goma ko fiye kafin a dawo da shi, yara nawa suka tashi a tsakanin nan ba su san ko sunan wanda ya kafa unguwarsu ba. Manyan birane da sauƙi. Kano tana da tsohon kundin sarakunanta tun daga Bagauda wanda wani Bature Palmer ya fassara a 1908, Daura kowa ya san Kusugu da Bayajidda, Sakkwato ta samu irin su Waziri Junaidu, Katsina ga Gobarau a tsaye ga kuma marigayi Dakta Yusufu Bala Usman da ya yi aiki a kan tarihin ƙasar daga 1400 zuwa 1883, shi ma kuma sai da ya bi garuruwa yana zama gaban tsofaffi kamar yadda Malam yake yi. Amma ƙaramin gari mai dagaci ɗaya da kasuwa sau ɗaya a mako, wa zai zo daga nesa ya rubuta shi? In ɗan garin bai yi ba shikenan ya tafi. Kuma aiki ne mai wuya, tsoho ba zai ce maka 1973 ba, zai ce shekarar fari ko shekarar da aka canja kuɗi aka bar fam da sule, ba zai ce 1972 ba sai dai shekarar canjin hannun tuƙi, 1956 zuwan Sarauniya, 1966 rasuwar Sardauna, sai mai haƙuri ya zauna ya jera su ya gane wanne ya riga wanne. Yaron da ya ga zuwan Sarauniya da wayonsa yau yana wajen tamanin. Waɗanda kuwa suka ji labarin shigowar Turawa a 1903 ko yunwar 1914 daga bakin wanda ya gani da idonsa, da yatsu ake ƙirga su. Shi ya sa kika ga yana gudu kamar ana korarsa, duk jana'izar tsoho da ya je yana jin an rufe wani abu da bai gama tambaya ba.

Inda ya kuskure a ganina shi ne aikin nasa ba shi da bakin iyaka. Shekara ashirin da ɗoriya yana tarawa, bai fitar da ko shafi goma da ɗan makaranta zai riƙe ya karanta ba. Tarawa tana da daɗi, ka hau mashin ka sha iska, tsoho ya shimfiɗa maka tabarma ya yi ta ba ka labari, kullum akwai wani tsohon a wani ƙauyen da ba a je ba. Zama a rubuta shi ne mai ɗaci, kuma na ga masu irin wannan aikin da yawa da suka mutu suna cewa saura kaɗan. Don haka ke abin da za ki nema a wurinsa shi ne ya gama, ba ya bari ba. In kika ce ya bari kin zama abokiyar gabar abin da ya fi so, in kika ce ya gama kin zama mutum ta farko da ta ɗauki aikin da muhimmanci har take son ganin ƙarshensa.

Ga yadda nake so ki ɓullo masa. Kar ki yi maganar ranar da ya dawo daga ƙauye a gajiye da ƙura har gira, kar ki yi a gaban yara, kuma kar ki fara da kuɗi. Wani dare bayan isha'i in ya ci abinci ya natsu, ki ce Malam dan Allah karanta min abin da tsohon nan na ran Asabar ya gaya maka. Tsakaninki da Allah, a shekara 21 sau nawa kika taɓa ce masa haka? Ba laifinki nake gani ba, wanda ke fama da tukunya ba ya tambayar ganuwa, amma ki gwada ki ga yadda fuskarsa za ta canja. Ki saurara da gaske, ki yi tambaya. Ki yi haka sau biyu sau uku. Sannan wata rana ki ce masa, Baban wance ni fa tsoro nake ji, rai na hannun Allah, in yau ka faɗi wa zai iya buɗe littattafan nan ya gane kansu, ni so nake in ga littafi da sunanka a bango in riƙe shi da hannuna kafin mu tsufa, amma kuma ga ɗaki ga yarinya an sa rana, ina so mu zauna mu tsara yadda ba wanda zai cuci wani. Ki faɗi abin da ke cin ranki ƙarara, har da cewa kina jin kamar matattun garin sun fi ku samun lokacinsa, amma ki faɗa da muryar mai neman mafita.

Mutum ne mai girmama takarda, to ki kama shi ta nan. Ranar da alat ya shigo ku ɗauko biro da takarda, abinci, kuɗin makaranta, magani, kwanon rufi, adashen kayan ɗaki, duk a cire su tukuna, abin da aka yanka wa tarihi ya zama sananne, ko kashi ɗaya cikin goma ne ko ƙasa da haka gwargwadon ƙarfinku, in ya ƙare ya ƙare sai wani watan. Kar ki ce a mayar da shi sifiri, in kika yi haka zai koma yi a ɓoye, kuma gidan da aka fara ɓoye-ɓoyen kuɗi ya shiga wata matsalar da ta fi wannan. Haka ma lokaci, mako ɗaya ƙauye mako ɗaya gida, kuma a na gidan ne zai zauna ya yi rubutun. Kayan ɗaki kuwa a al'adarmu a wuyan uba suke, ki gaya masa adadin watannin da suka rage da kuɗin gado da katifa da kayan kicin a rubuce, ke ma kuma ki taimake shi da rage buri, a yi daidai ƙarfi kar a shiga gasa da gidan da ba albashin malami suke ci ba.

Kwamitoci kuma ya sauke biyu ya riƙe ɗaya. Ɗalibansa nawa suka gama makaranta suna zaune a garin, a cikinsu ba za a rasa mai rubuta bayanin taro ba, ya koya musu ya ja gefe. Gari in ya samu mai yi kyauta ba ya taɓa cewa ya isa.

Kuma wannan aikin na gari ne, ban ga dalilin da zai sa tukunyarki ita kaɗai ta riƙa biyan kuɗinsa ba. Ƙungiyar ci gaban garin da yake wa sakatare ai tana da asusu, 'yan garinku da ke Kano da Kaduna da Abuja da Legas suna da zaurensu na WhatsApp, cikinsu akwai waɗanda shi ya koya musu karatu. Na san irinsu Malam, kunya ba za ta bar shi ya roƙa ba, to a samu wani amininsa ya kai maganar, a ce ga aiki ya kusa fitowa ana neman kuɗin buga shi da na fetur ɗin tafiye-tafiyen da suka rage. Kar ya ce sai ya rubuta komai, ɗan littafi mai shafi hamsin ko sittin da Hausa ya isa a fara, kafuwar gari, ganuwa da ƙofofinta, unguwanni da dalilin sunayensu, kasuwa, marina da maƙera, rijiyoyi, shekarun yunwa, zuwan makarantar boko. In an zo ƙaddamarwa a yi, amma kar ku ci bashi da sunan alƙawarin da za a yi a lasifika, da yawansa a wurin yake tsayawa.

Yanzu ga abin da na fi so ki ji a duk maganar nan. Littattafan nan 60, na tabbata kusan duka bakin maza ne, saboda Malam iyakarsa zaure. Rabin tarihin garinku yana cikin gida inda ba zai iya shiga ba, yana bakin tsofaffin mata, su suka san wa ya auri wa, wa ya sha nonon wa, wace amarya aka kawo daga wane gari, me aka ci a shekarar fari da hatsi ya ƙare, waƙoƙin niƙa da na daɓe da na reno, yadda ake kaɗi da mazari a kai zare kasuwa. Dagaci ba zai gaya masa wannan ba don shi ma bai sani ba. Akwai wani mai bincike ɗan ƙasar Jamaika, M. G. Smith, da ya yi aiki a ƙasar Zazzau a 1949 zuwa 1950, shi yana wajen maza, matarsa Mary ita ta shiga cikin gida ta zauna da wata tsohuwa, Baba ta Karo, ta yi ta rubuta labarin rayuwarta tun daga zamanin hare-haren kamun bayi kafin zuwan Turawa har tsufanta. Baba ta rasu a 1951, littafin ya fito a 1954, kuma har yau ana karanta shi a jami'o'in duniya in ana son sanin rayuwar matan Hausawa. Baturiya ce fa da ta koyi Hausa, ke kuwa yarenki ne, tsofaffin nan sun san uwarki sun san kakarki, abin da za su gaya miki ba za su taɓa gaya wa namiji ba. Ban ce ki ƙara wa kanki wahala a kan wadda kike ciki ba, amma ai dama kina zuwa barka da suna da gaisuwa, wayarki kawai za ki kunna bayan kin nemi izininsu. Ranar da kika miƙa wa Malam waya kika ce saurari abin da Iya ta gaya min, daga ranar kin zama abokiyar aiki, kuma abokiyar aiki in ta ce wannan watan ba za a je ƙauye ba sai an sayi kwano, maganarta tana da wani nauyin daban.

Yaranku masu riƙe da waya su ma a ba su nasu. Kowane littafi a ɗauki hotonsa shafi-shafi da rana a inuwa, a sa masa lamba, a aje a memori biyu ɗaya a gidan wani ɗan'uwa, a tura kuma a imel. Kaset ba ya daɗewa, zafi da ƙura suna cinye shi, a samu rikoda mai aiki a kunna a ɗauka da waya tun muryoyin suna fita, kowanne a rubuta sunan mai magana da garinsu da ranar da aka yi hirar. Littattafan a sa su a akwatin ƙarfe, a ɗora kan bulo nesa da bango, a riƙa buɗewa ana dubawa, kar a ƙulle su a leda don gumi yana ruɓar da takarda. In akwai tsofaffin takardun ajami da ya aro a gidajen malamai a ɗauki hoto a mayar wa masu su, amana ce, kuma kar a manna musu salatif.

Ɗalibin nan bai kyauta ba, Allah ya shirye shi. Malam ya rubuta takarda cikin mutunci zuwa ga shugaban sashen da yaron ya yi karatu, ya faɗi abin da ya faru ya nemi a dawo masa da littafinsa. Daga yau kuma asalin littafi ba ya fita daga ɗaki, mai so ya zo ya zauna a zaure ya karanta, ya rubuta sunansa da makarantarsa. Abin da zai kare shi da gaske shi ne aikin ya fito da sunansa, ya kuma kai kwafi inda ake adanawa, akwai hukumar tarihi da al'adu ta jiharku, akwai Arewa House a Kaduna, tsohon gidan Sardauna da aka mayar cibiyar binciken tarihi a 1970 ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello. A Kadunan kuma akwai gidan adana takardun tarihi na ƙasa, inda rahotannin Di'o-Di'o na zamanin Turawa suke, waɗanda suka rubuta lokacin da suke zagaya gundumomi don yanka haraji, da sunayen ƙauyuka da dagatai da sana'o'in mutane. Don haraji aka rubuta su ba don Allah ba, sai an tace, amma tafiya ɗaya can in an tara mata kuɗi za ta iya rage masa yawon wata da watanni.

Maganar gidan da suka daina gaishe ku, wannan kar a yi wasa da ita, ta fi yoyon ɗaki haɗari. Ban san me ya rubuta ba, amma na san abin da ya fi sa mutane irin wannan fushin, ko maganar bauta ko rigimar sarauta. Bauta an yi ta a ƙasar Hausa, ba ƙarya ba ce, Turawa sun ce duk wanda aka haifa bayan watan Maris na 1901 ɗa ne, ba a kuma soke ta gaba ɗaya a dokar Arewa ba sai 1936, kin ga ba nisa can ba ne, kakannin wasu da ke raye ne. Kuma har gobe ana fasa aure a kan wannan, ana yi wa yara gori a makaranta. Gaskiya ce ta tarihi amma ba kowace gaskiya ake bugawa da sunan gida ba, zai iya rubuta cewa an yi rinji, wato ƙauyen bayi, a wuri kaza an yi noma kaza ba tare da ya nuna jikokin kowa da yatsa ba. Manzon Allah SAW ya lissafa sukar nasaba da alfahari da asali cikin al'amuran jahiliyya, kuma mai rubutu yana iya buɗe wa masu gori ƙofa ko da shi ba nufinsa ke nan ba. Ya ɗauki wani dattijo da suke jin nauyinsa, ya taka da ƙafarsa har zaurensu, ya nuna musu abin da ya rubuta, ya ba su haƙuri, ya yi musu alƙawarin ba zai fita ba. Ke ma ki shiga wajen matan gidan ki gaishe su ko sun share ki, ranar bikin 'yarki za ki so ganinsu. In kuma rigimar sarauta ce, gida biyu kowa na cewa kakansa ne ya sari gari, ya rubuta duka biyun ya ce wane ya ce kaza wane ya ce kaza, ba shi ne alƙali ba. Kuma dan Allah irin waɗannan kar ya sa su a Facebook.

Yaji kuwa ban ba ki shawara ba. Ana saura 'yan watanni bikin 'yarki ki tafi gida, surukai su ji, gari ya ɗauka, kuma mutumin da kika ce bai taɓa ɗaga miki hannu ba. Yayyenki ƙauna ce ta sa su faɗa amma ba su za su zauna da abin da zai biyo baya ba. In kin yi duk abin da na ce wata biyu wata uku ba ki ga canji ba, kuɗin cefane yana ci gaba da tafiya tankin mashin, to ki samu wanda yake jin kunya, yayansa ko limamin da yake girmamawa ko tsohon hedimastansa, mutum ɗaya mai riƙe sirri, ki gaya masa. In abin ya kai yara suna kwana da yunwa kuma ya ƙi ji, kina da haƙƙin kai magana gun waliyyinki, babu wanda zai ce kin yi rashin kunya. Amma yadda kika siffanta shi ban zaci za a kai nan ba.

Ki duba unguwarku wace tsohuwa ce ta fi kowa shekaru kuma hankalinta yana nan, ranar Juma'a da yamma ki ɗan riƙa mata goro ko ɗan kunu ki je, ki tambaye ta waƙar da suke yi in suna daɓen ɗakin amarya, daga nan ita za ta ja ki. Kwano kuma a fara da shi a albashin watan nan ko rabin bandir ne, in Malam ya ce a jira wani watan ki kama hannunsa ki kai shi ki nuna masa tabon ruwan da ke bango, ki nuna masa inda kwalin kaset ɗinsa yake zaune a ƙarƙashinsa. Ki rubuto min bayan sallah in ji yadda aka yi biki.